FARAR HULA A BAKIN RIJIYAR BARIKI



Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarfin sojan Amurka, ko a majalisar ƙofar gida ko a teburin mai shayi, abin da za ka ji ana lissafawa shi ne jiragen yaƙi, da manya-manyan jiragen ruwan nan masu goyon jiragen sama a gadon bayansu, da makamai masu linzami, da janar-janar masu taurari a kafaɗa. Da wuya ka ji wani ya tambayi wane ne ke kula da rijiyar da waɗannan sojoji suke shan ruwanta, ko rufin ɗakin da matansu da 'ya'yansu suke kwana a ƙarƙashinsa, ko tankunan da ake tara man da jiragen suke sha. To a kan mai wannan aiki nake so mu ɗan tattauna a yau, domin a nawa ɗan guntun tunanin, kujerarsa tana ɗauke da wani darasi na mulki wanda ba za a same shi a kujerar janar ba.

A Ma'aikatar Tsaron Amurka, wadda hedikwatarta take a ginin nan mai kusurwa biyar da ake kira Pentagon, akwai muƙamin Mataimakin Sakatare mai kula da makamashi da barikoki da muhalli. Bayan shi kuma rundunar sojan ƙasa tana da nata, ta sojan ruwa tana da nata, haka ma ta sojan sama. Dukkansu farar hula ne, babu mai sanya kaki a cikinsu. Shugaban ƙasa ne yake zaɓo su, amma ba su hawa kujera sai sun gurfana gaban Majalisar Dattawa an yi musu tambayoyi, sannan an kaɗa ƙuri'ar amincewa da su. Kuma kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin gandu aka ba su noma. Ma'aikatar tana riƙe da filaye sama da eka miliyan 25, da gine-gine da makamantansu sama da 500,000 a ciki da wajen ƙasar, kuma ita kaɗai take lanƙwame kusan kashi uku cikin huɗu na duk makamashin da gwamnatin tarayyar Amurka take amfani da shi. Gidajen iyalan soja, da famfo, da wutar lantarki, da shara, da filin atisaye, da dagwalon da aka bari a ƙasa tun zamanin yaƙin duniya na biyu, duk a teburin waɗannan mutane suke ƙarewa.

Tambayar da za ta fara zuwa zuciya ita ce, me ya kai farar hula cikin harkar bariki? Ai masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma soja ne mai ɗakin. Gaskiya ne tsarin mulkin Amurka ya ɗora farar hula a saman soja tun daga tushe. Shugaban ƙasa ne babban kwamanda, majalisa ce take riƙe da lalitar kuɗi, kuma dokar 1947 a wancan lokaci ta sharɗanta cewa duk wanda za a ba Sakataren Tsaro sai ya shekara 10 da ajiye kaki. Amma wannan maganar ƙoli ce, ta tsoron kada masu bindiga su ƙwace mulki. Me ya haɗa ta da bututun ruwa?

Amsata ita ce, a duk faɗin Amurka babu ɗan haya mai rauni kamar ƙaramin soja. Ba shi ya zaɓi garin da zai zauna ba, tura shi aka yi. Ba shi da damar yajin aiki. Tun 1950 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar da aka sani da sunan Feres, ta yanke cewa soja ba zai kai gwamnati ƙara ba a kan cutar da ta same shi a bakin aikinsa. Sannan waɗanda zai kai wa kukan cewa ruwan famfo yana wari su ne dai masu rubuta rahoton da ake dubawa kafin a yi masa ƙarin girma. Shi kuma kwamandan bariki shekara biyu ko uku zai yi a sauya masa wuri, kuma ma'aunin da za a auna shi da shi shi ne ko dakarunsa a shirye suke su fita yaƙi. Gubar da ta tsiyaya cikin ƙasa kuwa tana iya shekara 20 kafin ta bayyana a jikin mutane. Ke nan na ƙasa yana tsoron ya yi magana, na sama kuma babu ribar da zai ci idan ya tono. Ko da babu mugun mutum ko ɗaya a barikin, tsarin da kansa yana haifar da shiru.

Wanda yake ganin na zuzuta, ya dubi abin da ya faru a barikin Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa, babban sansanin sojojin kundumbalan nan da ake kira Marines. Daga 1953 har zuwa 1987 mazauna wasu unguwannin barikin suna sha, suna wanka, suna dama wa jarirai madara da ruwan da ya gauraya da sinadaran wanke maiƙon injuna, da na wani shagon wankin tufafi da ke wajen shingen barikin, da man fetur da ya yi ta yoyo daga tankunan ƙarƙashin ƙasa. An ƙiyasta cewa waɗanda suka yi mu'amala da wannan ruwa za su iya kaiwa mutum miliyan ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne, tun a farkon shekarun 1980 masu gwajin ruwa suka sanar da hukumar barikin cewa akwai matsala. A wani gwaji na 1982 an samu ɗaya daga cikin sinadaran ya ninka har sau 280 a kan iyakar da doka ta zo ta gindaya daga baya. Duk da haka ba a rufe rijiyoyin da suka fi gurɓata ba sai a ƙarshen 1984 da farkon 1985, kuma iyalan da suka riga suka bar barikin shekaru suka shuɗe babu wanda ya bi su ya gaya musu abin da suka sha.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani tsohon saje mai horar da kurata, Jerry Ensminger, wanda 'yarsa Janey ta rasu a 1985 tana da shekara 9 sakamakon sankarar jini. Bai san da zancen ruwan ba sai a 1997, a labaran talabijin ya ji. Mutumin da ya ba rundunar sama da shekara 20 na rayuwarsa sai ga shi yana safa da marwa a majalisa yana neman mai saurarensa. Sai a 2012 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta ba waɗanda abin ya shafa damar a kula da lafiyarsu, har ana kiranta da sunan yarinyar. Damar neman diyya a kotu kuwa sai a 2022 ta samu, a zamanin Joe Biden, kuma kafin wa'adin shekara biyu da aka bayar ya cika, an shigar da buƙatu sama da 400,000. Mai karatu ya lissafa da kansa, daga gwajin 1982 zuwa dokar 2022 shekara 40 ke nan cur.

A zamanin da ake shan wancan ruwa, zancen muhalli ba shi da wata kujera mai nauyi a Pentagon. Sai a 1993 gwamnatin Bill Clinton ta kafa babban ofishin tsaron muhalli, ta ɗora wata lauya mai suna Sherri Goodman a kai, ta riƙe shi har 2001. Da a nan labari ya ƙare, da sai in ce an samu magani, mu shafa fatiha mu tashi. To amma a gaskiyar magana, manyan abubuwan kunya guda biyu na baya-bayan nan duk a kan idon farar hula suka faru.

Na farko shi ne na gidaje. A 1996 majalisa ta amince a miƙa gidajen iyalan soja ga kamfanoni masu zaman kansu, saboda gidajen sun lalace kuma gwamnati ta ce kuɗin gyaran sun fi ƙarfinta. Aka ƙulla yarjejeniyoyi na shekara 50, kamfani ya gina ya kula, kuɗin gidan da ake ba soja kuma su riƙa zarcewa wurin kamfanin. Gidaje wajen 200,000 suka shiga wannan tsari. Dabarar ta farar hula ce, kuma ofisoshin da muke magana a kansu su aka ɗora wa sa ido. Da farko an ga sababbin gidaje, kowa ya yaba. Sai a 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fito da jerin rahotanni da suka nuna yara suna kamuwa da gubar dalma daga tsohon fenti, ga fumfuna ta cinye bango, ga ɓeraye, ga rufi yana yoyo. A Fabrairun 2019 matan sojoji suka zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawa suka zayyana abin da suke gani a ɗakunansu, kuma kafin shekarar ta fita an saka haƙƙoƙin ɗan haya cikin dokar tsaro ta shekara-shekara, ciki har da damar ganin tarihin gyaran gida kafin mutum ya tare. A Disambar 2021 kuma ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, Balfour Beatty Communities, ya amsa laifin zamba a kotu, cewa ma'aikatansa sun riƙa sauya bayanan gyare-gyare domin a biya kamfanin ladan ƙwazo. Ya biya sama da dala miliyan 65 na tara da diyya.

Na biyu shi ne na Red Hill, a tsibirin Oahu na jihar Hawai. Tsakanin 1940 da 1943 rundunar sojan ruwa ta fafe cikin wani dutse kusa da tashar Pearl Harbor ta gina tankuna 20 a tsaye, kowanne yana cin galan miliyan 12.5 na mai. Aikin injiniya ne na ban mamaki, sai dai ƙafa 100 kacal ne tsakanin gindin tankunan da ruwan ƙarƙashin ƙasa da birnin Honolulu yake sha. A 2014 galan 27,000 suka tsiyaye daga tanki guda. Babban injiniyan hukumar ruwan birnin, Ernest Lau, ya yi ta gargaɗi shekara da shekaru, rundunar tana cewa komai lafiya. A watan Mayun 2021 aka yi kuskure wajen juyen mai, galan kusan 19,000 na man jirgi suka shige wani bututu da aka tanada saboda gobara, suka kwanta a ciki wata shida ba a gano ba. A watan Nuwamba wani ɗan keken da ke bin ramin ya bugi bututun ya fashe, man ya gangara rijiyar da take ba mutum wajen 93,000 ruwa. Iyalai suka fara jin warin mai a famfo, yara suna amai, fata tana ƙuraje, amma saƙon farko da kwamandan barikin ya aike musu cewa ya yi babu alamar ruwan yana da illa. Daga baya ya nemi gafara. Da hukumar lafiya ta jihar ta ba da umarnin a kwashe man, sai rundunar ta tsaya jayayya, har wani babban jami'in farar hula na ɓangaren barikoki ya tsaya a zaman sauraren bahasi yana musun a kira abin da sunan bala'i, alhali dubban iyalai a otal suke kwana.

To idan haka ne, ina amfanin kujerar? A nan ne nake so mai karatu ya tara mini hankalinsa. Farar hula ba waliyyi ba ne, kuma sanya kwat a madadin kaki ba ya ƙara wa mutum tsoron Allah. Abin da kujerar take samarwa shi ne wanda za a kama. Mutum ne da aka san sunansa, wanda 'yan majalisa suka tantance, wanda za su iya kira gobe ya zauna gaban kyamara ya amsa tambaya a kan famfo da rufi, wanda kuma uban gidansa yake buƙatar ƙuri'a. Ba zai fake da cewa umarni yake bi ba, kuma matar kofur za ta iya rubuta masa takarda ba tare da an ce mijinta ya tsallake shugabanninsa ba. Shi ma ba ya daɗewa a kujerar, amma alƙawarin da ya yi gaban majalisa a rubuce yake, kuma da shi za a tari wanda ya gaje shi. Mu dubi bambancin. A Lejeune shekara 30 aka yi tsakanin gwaji da doka ta farko. A Red Hill kuwa wata huɗu bai cika ba, ranar 7 ga Maris 2022, Sakataren Tsaro Lloyd Austin ya ba da umarnin a kwashe man a rufe wurin dungurungum, bayan da 'yan majalisar Hawai da gwamnatin jihar da jama'ar gari suka tasa ma'aikatar a gaba. Shi kansa Austin tsohon janar ne, amma a kujerar farar hula ya yanke wannan hukunci. A Oktoban 2023 aka fara kwashewa, aka fitar da sama da galan miliyan 104. Tankunan da aka shekara 80 ana cewa tsaron ƙasa ba zai yiwu ba sai da su, ga shi an rufe su kuma jiragen ba su daina tashi ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan zancen makamashi da muhalli shiga sharo ba shanu ne na 'yan siyasa, soja aikinsa yaƙi, a bar shi ya yi. Kuma suna da abin kafa hujja. A zamanin da Ray Mabus yake Sakataren sojan ruwa, an sayi man da aka sarrafa daga gansakuka da tsohon man suya a kan kusan dala 26 kowane galan domin wani atisaye na 2012, alhali man da aka saba da shi bai kai dala 4 ba, har Sanata John McCain, wanda shi kansa tsohon matuƙin jirgin sojan ruwa ne, ya caccaki abin. Haka kuma gaskiya ne masu riƙe da waɗannan kujeru da gwamnati suke zuwa, da ita suke tafiya. A 2022 rundunar sojan ƙasa ta fitar da tsarinta na farko na tinkarar sauyin yanayi, a 2025 kuma Sakatare Pete Hegseth ya ce ma'aikatar ta fita daga wannan harka.

Sai dai masu wannan magana sun manta cewa mayaƙa ne suka fara kukan mai. A 2006 Manjo Janar Richard Zilmer, kwamandan dakarun Amurka a lardin Anbar na Iraƙi, ya aika da buƙatar gaggawa a kawo masa na'urorin samar da wuta daga rana da iska, saboda yaransa suna mutuwa a hanya wajen rakiyar tankokin man da ake zuba wa janareto. Wani binciken rundunar sojan ƙasa na 2009 ya nuna cewa a Afganistan, a shekarar 2007, cikin kowane ayarin mai 24 sai an kashe ko an raunata mutum guda. Daga irin wannan ne majalisa ta kafa ofishin makamashin fagen daga, Sharon Burke ta zama ta farko da ta riƙe shi a 2010. Janareton da ya rage shan mai yana nufin tanka ɗaya ta ragu a kan hanya, wato wata uwa ta tsira daga a ƙwanƙwasa mata ƙofa da mummunan labari. Bugu da ƙari, a Oktoban 2018 guguwar Michael ta afka wa sansanin sojan sama na Tyndall a jihar Fulorida, ta yi ɓarnar da aka ƙiyasta gyaranta a kusan dala biliyan 5, har da jiragen F-22 da ba a samu kwashewa ba sai da abin ya shafa. Guguwar ba ta tsaya tambayar jam'iyyar da ke mulki ba. Ko an kira abin sauyin yanayi, ko an kira shi gyaran gida, dole wani ya yanke shawarar inda za a gina rumfar jirgi da irin ƙarfin da rufinta zai yi, kuma dole a san wanda za a tambaya idan rufin ya tashi.

Yanzu bari mu zo inda gizo yake saƙar. Idan amfanin kujerar shi ne masu ƙuri'a suna da wanda za su kama, to yaya wanda ba shi da ƙuri'a? Amurka tana da sansanoni a ƙasashe da dama, kuma maƙwabtan waɗannan sansanoni ba su da sanata a Washington. A 1991 Majalisar Dattawan Filifin ta ƙi sabunta yarjejeniyar sansanoni, Amurka ta bar sansanin Clark a shekarar, ta bar na Subic a 1992. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka da kansa ya rubuta a 1992 cewa an bar gurɓata mai yawa a wuraren biyu, ya kuma ce yarjejeniyar ba ta wajabta wa Amurka sharewa ba. Iyalan da aman wutar dutsen Pinatubo ya raba da gidajensu aka tsugunar da su a wani fili na Clark inda a da ake ajiye motocin soja ana gyara su, suka riƙa shan ruwan rijiyoyin wurin, daga baya aka yi ta samun rahoton cututtuka da ɓari a tsakaninsu. Da 'yan Filifin suka garzaya kotun Amurka, a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar share gurɓata ta Amurka ba ta tsallaka iyakar ƙasar.

A tsibirin Okinawa na Japan ma, a 2016 hukumar ruwa ta gano cewa kogunan da ke kusa da sansanin Kadena suna ɗauke da sinadaran da ake samu a kumfar kashe gobarar jirage, waɗanda ba su ruɓewa a ƙasa kuma suna daɗewa a jikin mutum. Ta shekara da shekaru tana neman izinin shiga sansanin ta ɗebi samfur ba a ba ta ba. Alhali a cikin Amurka, a kan waɗannan sinadarai dai, an sa wurare sama da 700 na soja cikin jerin bincike, kuma majalisa ta gindaya wa ma'aikatar wa'adin daina amfani da kumfar. Jamus kuwa, da aka sake zama a kan yarjejeniyar zaman sojojin ƙawance a ƙasarta a 1993, ta sa an rubuta sharuɗɗan kare muhalli a ciki. Abin da ya raba Jamus da Filifin shi ne abin da kowacce ta sa aka rubuta a takarda.

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, Amurka ta kashe kusan dala miliyan 110 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa, wanda ya fara aiki a 2019. A Maris 2024 gwamnatin mulkin sojan Nijar ta soke yarjejeniyar, a watan Agusta aka miƙa sansanin, zuwa tsakiyar Satumba dakarun Amurka sun kammala ficewa daga ƙasar. An yi ta muhawara a kan 'yancin kai da kuma wanda zai maye gurbi, kuma muhawara ce da ta dace. Amma duk filin jirgin soja a duniya yana tare da tankunan mai da kayan kashe gobara da shara, ita kuma Agadas gari ne na hamada da rayuwarsa take rataye a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba ina zargin an bar guba a can ba ne. Cewa nake yi darasin Filifin a fili yake: duk ƙasar da za ta ba baƙon soja masauki, ta auna ƙasarta da ruwanta ranar da ya sauka, ta rubuta a yarjejeniya wanda zai biya kuɗin sharewa, ta kuma sake aunawa ranar da zai tafi. Mataimakin Sakataren da ke Pentagon ba domin mutumin Agadas aka naɗa shi ba, kuma ba mutumin Agadas ne zai iya raba shi da kujerarsa ba. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A taƙaice, ni ina tare da masu cewa a bar rijiyar bariki da gidajensa da tankunansa a hannun farar hula, domin ba a ba mutum alƙalancin shari'ar da shi ne ake ƙara. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa kujerar ce take aiki da kanta. Uban da ya ƙi yin shiru a kan 'yarsa, da matan da suka zauna gaban sanatoci, da injiniyan ruwan da ya yi ta nanata magana ɗaya har aka gaji da shi, su ne suka motsa ta. Inda aka samu irinsu, kuma doka ta ba su ƙofar da za su ƙwanƙwasa, an ga gyara ko da a makare. Inda babu ƙofar kuwa, kamar Clark da Subic, baƙo ya tattara kayansa ya tafi, ya bar masu gida da rijiyarsu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukan na ƙasa, Ya kare mu da zuriyarmu daga cutar da ido ba ya gani, amin.